Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Taswirar Fakku?

A cikin watan Maris na shekarar 1824 ne wani Baturen Birtaniya mai suna Kyaftin Hugh Clapperton ya iso birnin Sakkwato daga Kano, kuma babban abin da ya rabo shi da gida shi ne neman sanin inda kogin Kwara ya dosa da inda ya ƙare. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi zama ba ɗaya ba ba biyu ba, har ma aka zana masa taswirar ƙasashen daular da maƙwabtanta, wadda aka buga a Landan cikin littafin labarin tafiyar a 1826. To amma da baƙon ya nemi a bar shi ya gangara Yawuri da Nufe domin ya ga kogin da idanunsa, sai magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, daga ƙarshe dai ya juya ta hanyar da ya zo. Ko hatsarin hanya ne ya jawo haka, kamar yadda aka shaida masa, ko kuwa wata dabara ce ta mulki, abin lura shi ne fadar Sakkwato ta wancan zamani ta san cewa sanin ƙasa dukiya ce, akwai abin da ake nuna wa baƙo, akwai kuma wanda ake riƙewa.

Na kawo wannan tarihi ne domin tambayar da ta fuskanci fadar a wancan lokaci ta dawo mana cikin sabuwar riga, kuma ban ga alamar muna ba ta muhimmancin da magabata suka ba ta ba. Mu ɗauki garin Fakku, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, ƙaramar hukumar da ke tarayya da Tambuwal a kujerar Majalisar Wakilai, wadda kuma ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Mutumin Fakku da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, garinsa na cikin kwamfuta, kuma ba a wuri ɗaya ba. Rumfar da yake kaɗa ƙuri'a tana cikin rajistar hukumar zaɓe, makarantar 'ya'yansa da asibitin da maiɗakinsa ke zuwa awo suna cikin wani rumbun, rufin ɗakinsa ma an hango shi daga sama ta hoton tauraron ɗan Adam. Abin tambaya a nan shi ne, wa ke da izinin ganin waɗannan bayanai, wa ke da izinin sauya su, wa kuma ke da izinin ya kwafe su ya fita da su daga ofis?

Saboda mai karatun da ba fagensa ba ne, bari in ɗan yi bayani. Taswirar zamani ta bambanta da zanen nan guda da muka saba gani rataye a bangon aji. Fallaye ne aka jera wani kan wani, kamar takardu shara-shara da ake hangen na ƙasa ta cikin na sama. Falle ɗaya na ɗauke da hanyoyi, wani da rafuka da fadamu, wani da garuruwa da tungaye da rugage, wani da iyakokin mazaɓu, wani da gonaki da filaye. Kowane ɗigo ko layi yana da jadawali a bayansa: idan ka taɓa ɗigon asibiti sai ka ga sunansa, da yawan ma'aikatansa, da ko yana da firjin ajiye maganin rigakafi, wani lokaci har da suna da lambar wayar mai kula da shi. Ana tara fallayen nan a rumbun bayanai guda, tsarin da masana ke kira GIS a taƙaice, ta yadda ma'aikatar lafiya da ta ilimi da ta filaye za su riƙa ɗiba daga tushe ɗaya maimakon kowa ta zana tata. Amfanin wannan haɗaka a fili yake. Hatsarinta ma daga nan ya taso, domin rumbun da hannu da yawa ke shiga, in ba a tsara mabuɗansa ba, sai a wayi gari ba a san wanda ya ɗiba ba, ba a kuma san wanda ya zuba tsakuwa ba.

Yadda ƙauyukan Arewa suka shiga kwamfuta labari ne da ya cancanci a riƙa tunawa da shi, don kuwa cutar shan inna ce ta shigar da su tun kafin hukumomin filaye su farga. Har zuwa wajen 2012, ayarin masu ɗiga wa yara rigakafi suna fita ne da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda sau da yawa ba su nuna tungayen bayan gari ba, ballantana rugar da ta sauka bara. A wannan shekara aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta yaƙi da cutar a Abuja, aka kuma shiga zana taswirar jihohin da cutar ta fi ƙamari, Sakkwato na cikinsu, ta hanyar haɗa hotunan sama da bayanan ma'aikatan da suka bi gari-gari suna ɗaukar suna da wurin kowane matsuguni. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi, ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta yi aiki mai yawa a fagen. Daga nan aka riƙa ba ayarin rigakafi wayoyin da ke rubuta inda suke bayan kowane minti biyu, in sun dawo a sauke sawunsu a ɗora kan taswira, a ga inda aka taka da inda aka tsallake. Wannan dabara ta taimaka ƙwarai, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020 da aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali, ko da yake an ci gaba da fama da wani nau'in da ya rikiɗe, musamman a nan Arewa maso Yamma.

Wannan aiki ne ya zama harsashin shirin GRID3 da aka ƙaddamar a 2018, wanda ya faɗaɗa taswirar ta game ƙasa, ya kuma saka fallaye da dama a intanet kyauta: matsugunai, asibitoci, makarantu, kasuwanni, iyakokin mazaɓu, da ƙiyasin yawan jama'a a kowane murabba'i mai faɗin mita 100. A gefe guda kuma hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe zuwa 176,846 a 2021. Hukumar Ƙidaya ta yanka ƙasar gunduwa-gunduwa da taimakon hotunan sama domin ƙidayar da aka shirya yi a 2023 aka ɗage. Jihohi kuma suka bi sahun Abuja, wadda ta kafa AGIS zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke minista, suka buɗe hukumomin taswirar filaye, irin su KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, da SOGIS a Sakkwato. Ke nan a yanzu taswira ta wadata.

Abin da na lura da shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ma'aikatun jihohinmu yana iya gaskata ni ko ya ƙaryata ni, shi ne mun sa rigar a baibai. Abin da ya kamata kowa ya gani shi muke kullewa a durowa, abin da ya kamata a kulle kuma shi ke yawo a WhatsApp.

Mu fara da wanda ake kullewa. A ƙasar Kebbe da Tambuwal, kamar sauran ƙasar Sakkwato da Zamfara, manomi da makiyayi ƙasa ɗaya suke ci, kuma mafi yawan rigimar da ke kai su gaban dagaci ko alƙali ba ta wuce ta burtalin da aka nome, ko mashayar da aka toshe, ko hurumin da aka yanka aka raba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma galibin waɗanda aka keɓe ba a kai ga buga su a gazet ba. To idan akwai fallen da ke nuna burtali da mashaya da gandun daji a wata ma'aikata, mece ce hikimar ɓoye shi? Kamata ya yi a buga shi ɓaro-ɓaro a liƙa a sakatariyar Kebbe, a ba hakimi da dagaci da arɗo kowa kwafinsa, a kuma sa shi a intanet, domin layin da mutum ɗari suka gani ya fi wuyar gogewa a kan wanda mutum biyu suka sani. Haka nan fallen ayyukan gwamnati, wato rijiyoyin burtsatse da ajujuwa da ƙananan asibitoci, tare da shekarar da aka ba da kwangilarsu. Da a ce matashin Fakku zai buɗe wayarsa ya ga ɗigo yana cewa akwai famfo a bakin kasuwarsu alhali shi ya san babu, da gwamnati ta sami odita na kyauta a kowace unguwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ta hau kan gwamnatocin jihohi ma. Saboda haka ma'aikacin da ke cewa taswirar burtali sirrin gwamnati ce, sai ya gaya mana sirrin wa yake karewa.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi tayar mini da hankali. Kowane shiri na tallafi da ya shigo karkara, na taki ne, na bashin noma ne, ko na rajistar marasa galihu, yakan bar falle a bayansa. Ma'aikaci ya zo da waya ya tsaya a ƙofar gida ko bakin gona, ya ɗauki wurin, ya rubuta sunan maigida, da lambar wayarsa, da yawan iyalinsa, da kadada nawa yake nomawa, da dabbobi nawa ke garkensa. A zaman lafiya wannan jadawalin rabon taki ne kawai. A ƙasar da ake sace mutum don kuɗin fansa kuwa, jerin sunayen masu abin biya ne, da hanyar gidajensu, da lambar da za a kira.

Na san za a ce ɗan bindiga ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya san hanyar gari, yana da masu kai masa rahoto a ciki. Wannan gaskiya ne, kuma ba ina da'awar taswira ce ta jawo wani hari ba. Sai dai mai kai rahoto unguwarsu ya sani, fayil ɗaya kuwa ƙaramar hukuma sukutum yake ɗauke da ita, ba ya mantuwa, ba ya tsoron a gane shi, kuma ana iya tura shi ga mutum dubu kafin ƙiftawar ido. Gwamnatocinmu da kansu sun yarda bayani makami ne, shi ya sa a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, aka kuma katse a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, talaka ya yi makonni ba ya iya kiran ɗansa. To ina amfanin a rufe wa jama'a waya saboda tsoron mai tsegumi, alhali jadawalin sunayensu na kwance a filashin da ke aljihun wani da ya gama aikin wucin gadi tun bara?

A nan ne ake gane cewa izini ba a kan falle gaba ɗaya kaɗai ake yanka shi ba, har a cikin jadawalin da ke bayansa. Wurin da makarantar kwana take ba sirri ba ne, kowane direba ya sani. Amma bayan abin da ya faru a Jangebe a watan Fabrairun 2021 da Birnin Yawuri a watan Yunin wannan shekarar, layin da ke nuna yawan ɗaliban da ke kwana, da ko akwai katanga, da masu gadi nawa ne, bai kamata ya wuce idon jami'an ilimi da na tsaro da aikin ya rataya a wuyansu ba. Haka sawun ma'aikatan rigakafi. Ba mu manta da ma'aikata tara da aka harbe a Kano a watan Fabrairun 2013 ba; fallen da ke nuna ranar da ayari ke shiga wata tunga da hanyar da yake bi, na mai duba aikinsu ne kaɗai.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne, bayanin da ba shi da illa shi kaɗai yakan zama guba idan an tara shi ko an haɗa shi da wani. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya lura cewa taswirar da kamfanin Strava ya wallafa, wadda ba komai ta ƙunsa ba sai hanyoyin da masu motsa jiki ke bi suna gudu, tana fallasa siffar sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na ɗaure da na'urar a hannu suna zagaya sansani kowace safiya. Babu wanda ya saci komai, kowa da yardarsa ya bayar. Masu binciken lafiya sun daɗe da gano maganin irin wannan. A binciken lafiya da yawan jama'a na NDHS da ake yi a Nijeriya lokaci-lokaci, kafin a saki bayanan ga masu nazari ana gusar da wurin kowane rukunin gidaje da gangan, har kilomita 2 a birni, kilomita 5 a karkara, 'yan kaɗan ma har kilomita 10. Malamin jami'a ya sami abin nazarinsa, amma ba zai iya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar matar da ta amsa tambayoyi ba. Wato falle ɗaya na iya fita da fuska biyu, cikakkiya ga mai aikin, dusasshiya ga saura.

Duk wannan maganar gani ce. Izinin gyara ya fi shi haɗari, domin ɓarnarsa ba ta da ƙara. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har kadada 500 don noma da 5,000 don kiwo, abin da ya haura haka sai da yardar gwamna. A gari irin Fakku kuwa, hujjar mallakar gona galibi gado ce, da shaidar dagaci da maƙwabta, da kukar nan ko layin gambar da kakanni suka bari a kan iyaka. Ranar da aka shigar da gonakin nan kwamfuta, layin da ke kan allo zai fi bakin dattijo ƙarfi a gaban banki, wataƙila ma a gaban kotu. Wanda duk ke iya jan wannan layi ya gusa da shi taku ashirin, shi ne sabon mai rabon ƙasa, ko da kuwa ƙaramin akawu ne. Ba yau aka fara ba. A zamanin Turawa, a lardin Kano, akwai malaman taki da ke auna gona da taku domin yanka haraji, kuma koke-koken da aka yi ta yi a kansu shi ne takun kan yi tsawo ko ya gajarce gwargwadon abin da mai gona ya miƙa. Bambancin shi ne malamin taki sai ya je gonar, mutane na kallonsa. Mai jabun fayil ɗin takarda ma yakan bar shaida, gurbin gogewa ko tawada daban. Mai gusar da ɗigo a kwamfuta ba ya barin komai, sai fa in an kunna kundin da ke rubuta sawun kowa.

Abin da ya sa aka kafa AGIS tun farko ke nan, wato ɓatan fayiloli da ba mutum biyu ko uku fuloti ɗaya, kuma kwamfuta ba ta warkar da wannan ciwo don kanta, tana sauya masa mazauni ne kawai idan ba a yi hattara ba. Matakan hattarar kuwa sanannu ne ga duk wanda ya yi aikin banki ko baitulmali. Wanda ya zana bai zama shi ne mai amincewa ba. Safiyo ya shigar, wani jami'i daban ya duba ya sa hannu kafin gyaran ya hau kan fallen da kowa ke gani. Ba a goge komai, tsohon layi na nan a ajiye da ranarsa. Kundin sawu kuma, mai nuna wane ne ya taɓa me da ƙarfe nawa, a ajiye kwafinsa inda shugaban sashen kwamfuta da kansa ba zai iya taɓa shi ba, alal misali a ofishin babban mai binciken kuɗi na jiha. Mai shakkar amfanin wannan ya dubi OpenStreetMap, taswirar duniya da aka fara a 2004, wadda kowa ke iya yin rajista ya gyara. Ba ta rushe ba, saboda kowane gyara na ɗauke da sunan mai shi, kuma ana iya mayar da shi yadda yake.

Amma kada a fahimce ni da cewa a tattara izinin gyara a kai Sakkwato ko Abuja a kulle. Taswirar da mutum uku kawai ke iya taɓawa tsufa take yi da sauri. A yankin da rashin tsaro ke tayar da tunga guda cikin dare ɗaya, jama'arta su koma gefen wani gari, wa ya san an tashi in ba mai unguwa da ma'aikacin lafiyar mazaɓar ba? Wa zai bambance Sabon Garin nan da wancan, ko Tungar wane da ke gabas da mai irin sunanta da ke yamma, in ba ɗan ƙasa ba? Idan ba su da hanyar shigar da gyara, sai a ci gaba da aika maganin rigakafi kufai, yaran kuma suna can inda taswira ta ce daji ne. Abin da ya dace shi ne a ba jami'in mazaɓar Fakku izinin ba da shawarar gyara a cikin Fakku kawai, ba ya ganin jadawalin Kuchi, ba ya taɓa na Ungushi, ƙaramar hukuma ta tantance, jiha ta amince.

Akwai kuma fallen da bai kamata kowa a cikinsu ya taɓa ba. Kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, duk jiha ɗaya ce, saboda haka iyakokin da a da na ƙananan hukumomi ne ko na hakimai sun wayi gari sun zama na jihohi, kuma maganarsu tana hannun Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa. Iyakokin mazaɓu da GRID3 ta wallafa ma, ita da kanta ta kira su na gudanar da aiki, an zana su ne don a san ayarin da zai je ina. Ranar da wani ya ɗauko layin da aka ja don rabon aikin rigakafi ya kai shi zauren sulhu a matsayin hujjar fadama, an kunna wutar da ba a san mai kashe ta ba. Don haka kowane falle na buƙatar takardar shaidarsa a liƙe: wa ya zana, yaushe, don wane aiki, kuma me ba a yarda a yi da shi ba.

Wani zai ɗauka duk wannan sai an kashe miliyoyi. A'a. Rumbun PostgreSQL da ƙarinsa na taswira, PostGIS, kyauta ne, kuma tun 2016 yana iya taƙaita wa mutum layukan jadawalin da zai gani. Manhajar QGIS kyauta ce. ArcGIS, wadda ake saye, tana da tsarin rukuni da matsayi. Ƙa'idar kanta tsohuwa ce, tun 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Saltzer da Schroeder, suka rubuta cewa kada a ba kowa izinin da ya wuce abin da aikinsa ke buƙata. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗabi'unmu na ofis. Kalmar sirri ɗaya ce sashe guda ke amfani da ita, an rubuta ta a takarda an liƙa a jikin kwamfuta, ta yadda ko an kunna kundin sawu suna ɗaya zai nuna. An yi wa jami'i canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, ƙofarsa na nan a buɗe. Ɗan bautar ƙasa ya gama ya tafi da fallaye a kwamfutarsa, ba da mugun nufi ba, don dai babu wanda ya ce ya goge. Mafi muni, ɗan kwangilar da ya kafa rumbun shi ke riƙe da babban mabuɗi, in aka yi saɓani kan biyan kuɗi sai jiha ta koma roƙon a buɗe mata kayanta. Ga kuma uzurin da ba za a raina ba: a inda wuta da intanet ba su da tabbas, dole ma'aikaci ya sauke falle a wayarsa kafin ya shiga daji. To a ba shi na mazaɓarsa kaɗai, a cire layukan da ba ya buƙata, wayar ta kasance a kulle, a kuma goge in an gama zagayen.

Doka ma ta riga ta iso. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ɗora wa duk mai tara bayanan mutane, har da ma'aikatun gwamnati, nauyin kada ya tara fiye da buƙata, kada ya yi amfani da su a wani aikin da ba don shi aka karɓa ba, ya kuma sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Jadawalin manoman Fakku mai ɗauke da suna da lambar waya da wurin gida yana ƙarƙashin wannan doka, ko a Sakkwato yake ko a kwamfutar wata ƙungiyar agaji.

Abin da ya rage aikin gida ne, kuma bai kamata a bar wa yaran sashen kwamfuta su yanke shi ba, domin yanke wanda zai ga taswirar burtali da wanda zai taɓa iyakar gona hukunci ne na mulki. Ina ganin ya kamata gwamnatin jiha ta fitar da takarda guda, a rubuce kuma a bainar jama'a, mai jera kowane falle da ke hannun ma'aikatunta, da sunan ofishin da ke da alhakinsa, da matsayin waɗanda ke gani, da na masu gyara, da na masu fitar da kwafi. A sa wannan sharaɗi a cikin kowace yarjejeniya da ƙungiyoyin da ke zuwa tattara bayanai a ƙauyukanmu, har da abin da za a yi da bayanan ranar da shirin ya ƙare. 'Yan Majalisar Dokokin Jiha, musamman masu wakiltar Kebbe da Tambuwal, suna da dama a lokacin kare kasafin kuɗi su tambayi kowace hukuma mai rumbun taswira mutum nawa ne ke da babban mabuɗi, nawa ne a cikinsu ma'aikatan gwamnati, kuma yaushe aka yi bitar jerin sunayen ta ƙarshe. Rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006, kuma duk ranar da aka yi ta, za a sami fallen da ya fi duk waɗanda muka ambata cika, gida-gida da mutanen cikinsa. Gara takardar nan ta riga shi fitowa.